Baba Jibirilla, Direban da Ya Ƙi Tsallaka Kwari

"Ba zan shiga ba."

Haka Baba Jibirilla ya faɗa, ƙafarsa a kan birki, motar tana tsaye a bakin wani busasshen kwari can bayan garin Riyadh, ta hanyar Rumah. A gefensa Sadiƙ ne, ɗan gidan da yake wa tuƙi, riƙe da kyamara. A tsallaken kwarin hadari ya haɗu ya yi baƙi ƙirin, gindinsa yana juyawa a hankali kamar ana tuƙa tuwo a sama.

"Yalla, mu tafi, Ammu Jibril! Ba ka ga motocin gaba sun wuce ba?" in ji Sadiƙ, wanda ke kiransa Ammu, wato Baffa da Larabci.

"Na gani."

"To me kake jira? Kwarin nan ko ɗigon ruwa babu!"

"Nan ne babu. Dubi hagunka, can inda kwarin ya taso. Tun ɗazu ake zuba ruwa a can."

"Umarni nake ba ka!"

Baba Jibirilla ya kashe mota, ya zare makulli, ya jefa a aljihu, ya fita ya zauna a kan yashi.

Wannan zaman ne ya raba shi da aikinsa, kuma shi ne dalilin wannan jinjina, yanzu da yake shirin barin ƙasar nan ya koma gida Maraɗi.

Wanda duk ke zuwa kasuwar Utaiƙa da sassafe ya san shi, ko da bai san sunansa ba. Dogon tsoho ne, siriri, mai farin gemu. Da an idar da sallar asuba zai zo da wata tsohuwar a-kori-kura, ya yi lodin tumatir da albasa da kwalayen dabino, ya bi shaguna yana saukewa har rana ta take. Ba ya yawan magana. Abu ɗaya yake yi wanda sauran masu lodi ba sa yi: kafin ya shiga mota sai ya ɗaga kai ya dubi sama, gabas da yamma, ko da kuwa tsakiyar zafi ne, lokacin da babu gajimare ko na rantsuwa. Da ya yi haka sai wani ya ɗaga murya daga bayan buhuna: "Abu Birki! Yau za a tsallaka kuwa?" A kwashe da dariya. Shi kuma ya sunkuyar da kai, ya gyara hularsa, ya ja mota.

Ba a kasuwa ya fara ba. Yana saurayi ya shigo gidan Hajiya Rekiya a unguwar Nasiriyya, gidan Hausawan da suka daɗe a ƙasar har suka zama 'yan ƙasa. Shi ya riƙa kai Sadiƙ makaranta tun yana ɗaukarsa a kafaɗa. Da yaron ya girma sai ya faɗa cikin samarin nan masu bin hadari. Duk wanda ya zauna a Riyadh ya san su: da an ce hadari ya haɗu a wani wuri sai su cika mota da mai, su ɗauki shayi da kyamarori, su bazama daji suna binsa. Wasu ruwan kawai suke son gani, don a nan ruwan sama baƙo ne mai daraja. Amma Sadiƙ da abokansa abu ɗaya suke farauta: guguwar nan da ke saukowa daga cikin hadari kamar igiya har ta taɓa ƙasa. Ba irin ƙaramar guguwar ƙura da ke kwashe ledoji a unguwa ba. Mutum yana iya shekara da shekaru yana bi bai gan ta ba.

Hajiya Rekiya ta yi faɗa, ta yi kuka, ta haɗa shi da kawunnansa, yaro bai bari ba. Da ta ga haka sai ta kafa sharaɗi ɗaya: ba zai tuƙa kansa ba, Jibirilla ne zai tuƙa shi. Daga nan wata al'ada ta samu a gidan. Duk ranar da za su fita, Hajiya za ta tsaya a bayan ƙofar sashen mata ta ce, "Jibirilla, ga amana." Ya ce, "Na ɗauka, Hajiya." In sun dawo, kafin ya wanke taɓon mota, kafin ya sha ko ruwa, sai ya je ya ƙwanƙwasa ƙofar ya ce, "Hajiya, ga amanarki." Ta ce, "Na karɓa." Sahadatou, mai girkin gidan, ta ce tun tana jin abin kamar wasa har ta kai in ba ta ji wannan ƙwanƙwasar ba, ita ma ba ta iya zuba abinci.

Baba Jibirilla bai taɓa son hadari don kallo ba. A ƙauyensu, in hadari ya taso, kaji ake korawa ɗaki, a kwashe shanya, a yi addu'a. Amma ya bi shi shekaru masu yawa, kuma ya bi shi da gaskiya. Abokan Sadiƙ da kansu sun shaida: ya ratsa da su ƙanƙarar da ta farfasa gilashin motocin wasu, ya tono motoci daga yashi ba adadi, nasu da na waɗanda bai sani ba, akwai ranar da ya ɗaura igiya a ƙugu ya shiga ruwa har ƙirji ya fito da wata tsohuwa daga motar da ta kafe. Mutumin da ake kira matsoraci ke nan. Doka ɗaya gare shi, tun daga gida ya zo da ita, daga zamanin da yake kora amalanke a bakin gulbi: ba ya shiga busasshen kwari muddin ana ruwa a inda kwarin ya taso. Ya taɓa ganin gulbi a bushe ƙarau, rana tana haskawa, kafin saniya ta kai tsakiya ruwa ya iso kamar katanga.

To, a ranar da ya zauna a kan yashi, Sadiƙ ya fito daga mota yana ihu, rabi Larabci rabi Hausa. Ya roƙa, ya yi barazana, ya sake roƙo.

"Ammu, don Allah! Tana saukowa! Ga ta can! Shekara nawa ina jiran wannan?"

"Na sani, ɗan Hajiya. Tare muka jira."

"Ba ni makullin in tuƙa da kaina!"

"Ba ni na hana ka tuƙi ba. Kira Hajiya, in ta ce in ba ka, ga shi."

Babu sabis a wurin, kuma dukansu sun san haka. Sadiƙ ya cakumi wuyan rigarsa ya jijjiga shi. Hular tsohon ta faɗi, iska ta mirgina ta cikin kwarin. Bai ɗaga hannu ba. Bai bi hular ba. Ya dafe aljihunsa da hannu biyu, kansa a buɗe, furfurarsa a waje, yana kallon ƙasa. Wani abokin Sadiƙ da ke kujerar baya yana ɗaukar komai a waya.

Ga abin da masu son labari mai daɗi ba za su so ji ba, kuma ba zan gyara shi don kowa ba: ruwan bai zo ba. Kwarin ya wuni a bushe. Motocin da suka tsallaka sun isa, sun ga guguwar, sun ɗauki hotonta, sun dawo ta wannan kwarin lafiya lau suna ta danna oda. Sadiƙ bai samu komai ba sai wutsiyarta daga nesa, ta bayan tudu. Har yau bai sake ganin wata ba.

Baba Jibirilla ya tuƙo shi gida. Ya je ƙofar sashen mata, ba hula, ya ƙwanƙwasa.

"Hajiya, ga amanarki."

Sahadatou ta ce ihun Sadiƙ ya riga shi shiga gidan. Can sai muryar Hajiya ta fito ƙasa-ƙasa: "Na karɓa."

Iyakar abin da ta iya yi ke nan. Mijinta ya rasu, gida ya koma hannun ɗa, iƙamar direba kuma, wato takardar izinin zamansa a ƙasar, da sunan ɗan take. Ba a yi mako ba aka mayar da kafalarsa, wato ɗaukar nauyin zamansa da aikinsa, hannun wani ɗan kasuwa a Utaiƙa.

Da a nan abin ya tsaya, da da sauƙi. Bidiyon ne ya fita. Aka haɗa shi gefe da gefe da hoton guguwar da wasu suka ɗauka, aka sa masa kiɗa, aka rubuta "Abu Birki" a ƙasa. Ya zaga wayoyin Larabawa, sannan ya shigo namu. Likitoci sun tura wa injiniyoyi, masu aikin gida sun tura wa masu gadi, daga unguwar Badi'a har Utaiƙa. A walimar suna an kunna shi, manyan mutane masu digiri suna riƙe ciki. Daga nan ya tsallaka teku ya isa Maraɗi. Ɗiyarsa Safiatou ta kira shi tana kuka, ta ce, "Baba, wane ne wannan da ya tuɓe maka hula?" Yaya zai ce yaron da ya goya ne?

Tun daga lokacin ya daina zama a majalisar 'yan garinsu bayan sallar Juma'a. Yana sallame sallah zai ɗauki takalmansa ya bi ta ƙofar baya. Hutun da ya samu bai je gida ba, ya ce ba zai iya haɗa ido da surukansa ba. Mutumin da bai saci komai ba, bai ci amanar kowa ba, ya shekara da shekaru yana tafiya a gefen bango kamar wanda aka kama da kayan mutane.

Na same shi a kasuwa yana ɗaure lodi, na gaya masa zan rubuta wannan. Ya girgiza kai.

"Ɗiyata, bar shi. Me za ki rubuta? Ruwan fa bai zo ba."

"Baba, da ya zo fa?"

"Da ya zo, da an ce na iya. Bai zo ba, aka ce na ji tsoro. Ni ma in na kwanta ina tambayar kaina. Wataƙila tsufa ne. Yaron nan abu ɗaya ya so a duniya, ni na tsaya a gabansa."

"To da za a mayar da kai bakin kwarin yau?"

Ya daɗe yana jan igiyar lodin. Sannan ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Da na sake zama. Ba kwarin na yi wa alkawari ba."

Ya ce in bar shi. Ban bari ba, kuma ba zan ba kowa haƙuri a kan haka ba.

Baba Jibirilla, kai ne direban da aka ba ɗan mutum ka mayar da shi duk ranar da ka fita da shi, ba tare da fashi ko sau ɗaya ba. Kai ne ka san ana iya yi maka dariya in ruwan bai zo ba, kuma ka zauna. Wanda ya tsaya a kan gaskiya sannan duniya ta gaskata shi nan take, an biya shi ladansa a hannu. Kai ba a gaskata ka ba. Sama ta bar ka kai kaɗai a kan yashi, ba hula, kuma ba ka fito da makullin ba. Kunyar da ka ɗauka shekarun nan ba taka ba ce. Ta waɗanda suka tura bidiyon ce, da waɗanda suka gani suka yi shiru, da jama'ar da ta bar dattijonta yana fita masallaci ta ƙofar baya. Mun gode, Baba. Allah Ya kai ka gida lafiya, Ya sa Safiatou ta ji wannan kamar yadda ta ga wancan.

Ku kuma da ke riƙe da sitiyarin wani, ko ɗan wani, ko majinyacin wani, in ranarku ta zo, ku yi irin zamansa. Amma ba zan yaudare ku in ce za a yi muku tafi ba. Shi ga abin da ya biya: gidan da ya tsufa a cikinsa, majalisar abokansa, sunan da ubansa ya raɗa masa, da hularsa a gaban ɗiyarsa. A ƙarshen watan nan zai hau jirgi da jaka ɗaya. Sadiƙ yana nan da ransa, ya yi aure, har ya samu 'ya'ya. In sun haɗu a hanya, Sadiƙ ba ya gaishe shi.