Tatsuniyar da Barci Ya Sace wa Kaka

Duk tatsuniyoyin Kaka suna da ƙarshe ban da guda ɗaya, kuma ita muka fi nacin ji.

Gidanmu yana wani ƙauye ne kusa da Bagudo, a bakin kogin Kwara. Kaka, wadda ta haifi babana, ita ke kula da wutar bandar kifi. Da an idar da sallar lisha sai mu jikoki mu kewaye ta, hayaƙi na sa mu hawaye amma ba mai matsawa. Takan tura itace da ƙafa, ta yi gyaran murya, ta ce, "Ga ta nan tahe, wa zai ba ta tabarma?" Mu kuwa mu amsa baki ɗaya, "Ta zo, mun shimfiɗa mata!"

Ga yadda tatsuniyar take. Wata uwa ce ta fafe duma gida biyu, ta ba 'ya'yanta mata biyu ƙwarya ɗai-ɗai. Ran nan ƙaramar ta je wanke tata, ruwa ya fizge. Ta bi gaɓa da gudu. Ta tambayi kada, ta tambayi dorina, ta tambayi masunci, kowa ya ce ƙwaryar ta yi gaba. Da ta kai inda gulbi ya rabu biyu sai ta zauna ta rera waƙa. Kaka takan rera ta da Dendanci, harshen da ta tashi da shi, wanda mu muke ji sama-sama, sannan ta juya mana: "Ƙwaryata, rabin ta yayata, ina kika kwana?"

Daga nan sai ta yi shiru.

"Sai me, Kaka?"

"Sai barci ya sace ni."

Ba wasa take yi ba. A tsallaken iyaka aka haife ta, ƙasar Dahomi da yanzu ake ce wa Benin, kuma ita ce auta. Kullum uwarsu ta ɗauko wannan tatsuniya, nan daidai barci ke ɗauke ta a cinyar yayarta. Da aikin tilas na Faransa ya tsananta, babanta ya saɓa ta a wuya ya gudo da ita, a kan uwar da yayar za su biyo baya. Ba su biyo ba. Ta girma, ta yi jikoki, ba ta san abin da ya sami yarinyar nan da ƙwaryarta ba. Takan ce ba abin da take roƙon Allah irin ta ji ƙarshen kafin ta cika.

Ni kuwa Kulu ba ni da haƙuri, har gobe. Abin ya riƙa cina, sai na fara ƙirƙiro ƙarshe ina kawo mata. Na ce Gizo ne ya ɓoye ƙwaryar. Ta taɓe baki ta ce, "Wagga ƙarya ko gishiri babu. Kin aro Gizo don ki huta." Na ce ɗan sarki ne ya tsinta ya auri yarinyar. Ta ce, "Ke dai auren ke ranki! Kin taɓa ganin yadda ruwa ke tahiya da ƙwarya? Tahi ki gani." Na yi fushi na tafi. Na zauna bakin Kwara ina kallon yadda ƙwarya ke juyi kafin ruwa ya ja ta, da yadda mai ita ke fara dariya kafin ta fara ihu. Can na koyi kallo, ban ma san karatu nake yi ba.

Shekarar da aka sami mulkin kai, su ma mutanen Dahomi suka sami nasu, waɗanda suka daɗe da ɓacewa suka fara ɓullowa kasuwar Illo. Wani maraice Baffa Garba, ƙanen babana mai fataucin goro, ya ce yana wucewa layin masu man kaɗe ya ji wata tsohuwa na gunjin waƙar nan ta Kaka a maƙogwaro. Itacen da ke hannun Kaka ya faɗi.

Ranar kasuwa ta ce in shirya, ni ce idonta, don ganinta ya yi rauni. Muka shiga jirgin ruwa, muka ƙarasa da jaki. Sai ga tsofaffi masu man kaɗe birjik. Kaka ba ta san fuskar da za mu nema ba, sunan ma Yaya kawai ta sani. Muka yi ta zagaye har rana ta take, wasu sun fara ɗaure kaya. Ta tsaya tsakiyar kasuwa ta yi gyaran muryar nan da na sani.

Na ce, "Kaka, rana tsaka fa! Ke kika ce mai tatsuniya da rana ɓacewa yake yi!"

Ta ce, "Ɗiyata, wanda ya riga ya ɓace, mi zai tsorata?"

Ta ɗaga murya ta rera. Mutane suka juyo, wasu na dariya, wani mahauci ya ce Allah ya ba tsohuwa lafiya. Kunya ta sa na so ƙasa ta tsage in shige. Ita ko ta yi ta maimaitawa har muryarta ta fara shaƙewa. Can daga bayan rumfar masu gari sai wata murya ta taso, ta fi tata tsufa, tana rawa, tana bin karin waƙar daidai: "Na kwana bisa ruwa, ban nutse ba, ina jiranki."

Wallahi ban taɓa jin kasuwa ta yi tsit irin na ranar ba. Wata 'yar tsohuwa ta taho tana dafa mutane, ta tsaya gaban Kaka ta ce, "Auta?" Na ga Kakata mai jikoki ta durƙushe ta sa kai a ƙafafunta kamar yarinya.

Tare muka dawo da ita. Da aka kewaye wuta, makwabta ma sun cika gidan, Kaka ta kama hannunta ta ce, "Yaya, tun ina ƙarama nike jira. Da ƙwarya ta amsa, sai mi ya faru?"

Tsohuwar ta yi dariya har ta sarƙe. "Ke ma dai, Auta! Ai Inna ba ta taɓa ƙarasawa ba. Da ta rera amsar ƙwarya ta ga kin yi barci, sai ta ce a bari sai kin farka. Har ta rasu ba ta gaya wa kowa ba."

Kaka ta daɗe tana kallon wuta, hawaye na bin kuncinta, kuma wannan karon ba na hayaƙi ba ne. Ta ce, "Ashe jirana take yi." Sannan ta juyo wajena. "Kulu, na farka. Ƙarasa muna."

Na nemi Gizo, na nemi ɗan sarki, na ji kunyarsu. Sai na faɗi abin da idona ya gani. Na ce yarinyar ta bi ruwa har ta yi furfura, ta shiga kasuwa da rana tsaka ta yi waƙa ana mata dariya, ƙwarya ta amsa, aka haɗa rabi da rabi, bakinsu ya zo daidai. Kaka ta gyaɗa kai. Ta ce, "Wagga da gishiri. Yau dai ƙurunƙus."

Na rubuta littattafai tun daga nan, wasu sun yi gishiri, wasu ni ma na san lami ne. Na daɗe ina zaton ƙarshen kowane labari yana ɓoye ne wajen wani babba, sai in na nemo shi. Yanzu in labari ya cije mini, nakan ajiye biro in fita in kalli mutane, yadda Kaka ta tura ni bakin Kwara. In na dawo na zauna, mamaki na kama ni har yau, don ji nake akwai wata tsohuwa a tsallaken wuta, ta farka, tana jirana in ƙarasa.