Neman Kabarin Kakana a Kwatas ɗin 'Yan Kwal

Dubai

Ba a kira assalatu ba na fito daga gidanmu na Bur Dubai, jaka ɗaya a kafaɗa. Inna, mahaifiyata, ta riga ni tashi. Na same ta a bakin gado da carbi, ta sake maimaita mini kwatancen da tuni na haddace: asibitin kamfanin kwal, layin ɗakunan da ke bayansa, masallaci, sai maƙabarta.

Ina aiki ne a wani sito na kwantena a tashar jiragen ruwa ta Jebel Ali. Na kawo Inna a yi mata aikin zuciya, likitoci suka gama gwaje-gwaje suka sa rana, sai tsohuwa ta ƙeƙashe ƙasa ta ce ba za ta shiga ɗakin tiyata ba. Ba tsoron wuƙa ba ne. Mahaifinta, Malam Tanko, lebura ne a ramin kwal na Enugu, tari ya kashe shi tana yarinya. Tunda suka gudo Arewa a rikicin da ya haifar da yaƙin basasa, babu wani jininsa da ya taɓa tsayawa a kansa ya yi masa addu'a. Na ce mata addu'a ai daga ko'ina tana isa. Ta ce ta sani, ba karatu ta zo ɗauka wurina ba. Likitan kuma, wani Bamisire, ya ja ni gefe ya ce zuciyar nan ba za ta jira doguwar shawara ba. Dole na ɗauki hutu, na bar ta a hannun matata.

Direban tasi ɗan Pakistan ne, bakinsa ba ya gajiya da yalla yalla, wato mu je mu je da Larabci. Jirgi ya ajiye mu a Addis Ababa da hantsi, na sha gahawa mai ɗaci a tsaye, muka canja wani. Da azahar ina Abuja. Na kwana a Kubwa wurin wani abokin karatuna, matarsa ta cika ni da tuwon shinkafa miyar taushe, abin da na yi wata da watanni ina mafarkinsa.

Abuja zuwa Enugu

Da sassafe na shiga bas. An ce mutum goma sha huɗu take ɗauka, amma da buhunan da aka cusa ƙarƙashin ƙafafunmu, gwiwata a haɓa na yi tafiyar. A Lokoja muka tsaya, na ci soyayyen kifi da doya.

Daga nan ne raina ya fara ɓaci. Ba ka gama gyara zama daga shingen jami'an tsaro ɗaya ba sai ga wani. Itace a kan titi, hannu a miƙe, direba ya dunƙule abu ya miƙa ko kallon juna ba sa yi. A wani wurin aka ce kowa ya nuna shaida, na kuskura na fito da fasfo. Mutumin ya ga hatimin Dubai, sai murmushi har kunne, wai oga ya kawo musu tsaraba. Na ce gawa na zo nema. Ya mayar mini da fasfona da sauri. Direba ya yi dariya har da dukan sitiyari, ya ce da zan riƙa bin sa kullum da ya huta.

Muka gangara tudun shiga Enugu ana shirin magariba, hanya ta nannaɗe jikin dutse, ga rami a gefe. Na sauka a unguwar Hausawa. Ladanin masallaci ya ba ni ɗakin baƙi, ya haɗa ni da Ɗanjuma mai keken haya mai ƙafa uku, Bahaushe haifaffen garin, wanda yake jin Ibo kamar ya sha a nono.

Kwatas

Da safe Ɗanjuma ya kawo mini okpa, wani irin alale na gurjiya da ake naɗewa a ganye. Yana tuƙi yana ba ni tarihi. Turawa ne suka gano kwal a cikin duwatsun nan, suka shimfiɗa dogo har Fatakwal don kwashe shi, garin kansa a dalilin kwal ya kafu. Aka tattaro lebura daga ko'ina, har da namu na Arewa da suka biyo jirgin ƙasa. Daga baya jirage suka koma shan mai, yaƙi ya zo, ruwa ya cinye ramuka, kamfani ya yi ta jan ƙafa har ya kwanta.

Ko ba a gaya maka ba, ginin wurin zai nuna maka waye waye. A saman tudu gidajen manajoji ne, na dutse, da baranda kewaye da bututun hayaƙi. Waɗannan lafiyarsu ƙalau, manya sun shige ciki, an yi fenti an ja katanga. Ƙasa da su gidajen akawu, ciki da falo. Can a gindin kwari, inda sauro yake, nan aka zuba masu haƙar: layi-layi na ɗaki ɗai-ɗai, kwano ya yi ja da tsatsa, banɗaki ɗaya na kowa da kowa. Gabana ya faɗi da na gan su, domin kusan haka masaukin leburorinmu yake a bayan Jebel Ali, illa dai namu da na'urar sanyaya ɗaki.

Muka leƙa bakin ramin. Ciyawa ta rufe rabinsa, wani jan ruwa yana tsiyayowa daga ciki. Ɗakin da ake ba ma'aikata fitilun goshi yana nan, ba ƙofa ba taga. Na tambayi ina layin dogon da kakana yake tura kurar kwal a kai. Ɗanjuma ya ce an kwance an sayar wa 'yan gwangwan. Na fara zagin ɓarayi, ya ce in sassauta, masu sayen ƙarfen yawanci 'yan uwanmu ne, jiya ma da wasunsu muka yi sallar isha.

Abin ya ci mini rai. A Bur Dubai, tsofaffin gidajen 'yan kasuwa da ba su fi waɗannan tsufa da yawa ba, an gyara su an share, baƙi na bin layi suna ɗaukar hoto. Mu kuwa wurin da ya tuƙa jiragen ƙasar nan gaba ɗaya, awaki ne ke kwana a asibitinsa. Da idona na gan su, uku a kan barandar da ake jiran likita.

A layin bayan asibitin muka sami wata tsohuwa tana shanya rogo, Mama Ngozi, 'yar wani mahaƙi, a ɗakin da aka haife ta take har yau. Ɗanjuma ya yi mata bayani da Ibo. Ta dube ni sama da ƙasa, sai ta juya harshe zuwa wata tsohuwar Hausa mai daɗi, ta tambayi sunan uwata. Na ce Hauwa, ana ce mata Kulu.

"Kulu mai tsiwa?" in ji ta.

Na ce ita ce, kuma har yanzu ba ta canja ba. Ta yi dariya har da hawaye, ta nuna mini ɗakinsu, na uku daga ƙarshe, yanzu wani tela ne a ciki. Ta ce tana tuna tarin Malam, ta bango suke jin sa. Da na ambaci maƙabarta sai dariyar ta ɗauke. Ta ɗaura ɗankwali ta ce mu je.

Maƙabarta

Masallacin babu shi, dama na ƙasa ne. Gaba kaɗan ga maƙabartar Kirista, ciyawa ta yi mata yawa amma tana nan da shingenta, kowane kabari da siminti da suna. Har da na wasu Turawa, an kewaye su da ƙarfe. Mama Ngozi ta wuce su, ta tsaya a bakin wani fili da aka malale da kankare, ta nuna da haɓa.

Wurin wankin mota ne. Jip biyu da tirela, inji yana ruri, kumfa na gangarawa kwata.

Ta ce lokacin da aka zo yanka filayen kamfani ana sayarwa, ita da kanta ta fito ta gaya wa masu awo cewa akwai mutane a nan. Suka ce ta nuna musu dutse ko ɗaya. Ina za ta samo? Mu ba ma gina kabari. Tudun ƙasa ne, sai ɗan kasko ko reshe a wajen kai, damina biyu ta shafe shi. Hausawan da suka dawo bayan yaƙi cikin gari suka zauna, can suke binne nasu. Masu awo suka zagaye na masu siminti, suka rubuta namu fili ne.

Wallahi ban san lokacin da na isa gaban mai wurin ba. Na ɗaga murya, na ce kan iyayen mutane yake wanke taya. Saurayi ne, haya yake yi, bai san komai ba. Ya yi tsuru-tsuru, ya rantse da Allah ba wanda ya taɓa gaya masa. Ɗanjuma ya riƙe mini hannun riga, ya ce a hankali: "Yallaɓai, kai jibi kana jirgi. Mu a nan za mu kwana."

Na sauke murya, na ja da baya. Har yanzu ban ga laifin yadda muke binne mutanenmu ba. Mai kuɗi da lebura ƙasa ɗaya, haka aka koya mana, haka kuma nake so a yi mini. Amma wannan tsari amana ce a wuyan masu rai, su ne alamar kabarin. Masu awo sun yi zalunci, domin an gaya musu, kuma ba sai da boko mutum zai san tsohuwa ba za ta ƙirƙiro gawa ba. Kamfanin da ya ci ƙarfin mutanen nan bai iya ja musu ko shingen waya ba. Mu kuma jikoki muna Kano, muna Abuja, muna Dubai, sai da likita ya sa rana sannan ɗayanmu ya tako.

Saurayin da kansa ya je ya kashe injin, ya kori yaransa gefe. Mama Ngozi ta ce ba za ta yi mini ƙarya ba, ba ta san daidai inda Malam yake ba, amma dai yana cikin nan. Na rasa inda zan sa ƙafa, ko'ina na taka ƙila kan wani ne. Na tsaya, Ɗanjuma a gefena, muka yi musu sallama, muka yi addu'a ga Malam Tanko da duk wanda ke kwance tare da shi. Muna shafawa aka tayar da inji, mai tirela yana sauri.

Komawa

Ban iya sake bin hanyar shingayen nan ba, jirgi na hau zuwa Abuja, daga can Addis Ababa, sai Dubai. Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni, na gode wa ladan da Ɗanjuma da Mama Ngozi, har da saurayin da na yi wa ihu ba da hakkinsa ba. Duk tsawon hanya abu ɗaya nake juyawa: in gaya wa mai ciwon zuciya gaskiya, ko in ce na ga kabari an share shi tas.

Na same ta a falo bayan la'asar. Na fara da gaisuwar Mama Ngozi, ta yi dariya ta ce ashe 'yar banzar tana raye. Sannan ta zuba mini ido. Inna ba a yi mata kwana-kwana, na gaya mata komai, har kumfar. Matata ta harare ni. Inna ta sunkuyar da kai, ina jiran kuka, ina tunanin lambar motar asibiti.

"Da ka tsaya a wurin," in ji ta, "ka cire takalmi?"

Na ce na cire, a cikin ruwan sabulun na tsaya.

Ta gyaɗa kai, ta share ido da gefen mayafi. "To, Baba ya ga mutum. Kira likitan, ka ce na shirya."