Faya-fayan Yayana

Yayana malamin dabbobi ne. Aikinsa bin rugage da ƙauyuka yana yi wa shanu allura, daga Kazaure zuwa Gwiwa da Roni, wani lokaci har Babura da Kanya Babba. Babur gare shi da akwatin magani ɗaure a baya, kuma da wuya ya dawo gida babu wani abin kiɗa a cikin akwatin nan. Da faya-fayan garmaho ya fara, waɗanda wani kawunmu ya bar masa. Da kaset ya shigo sai ya koma kansa gaba ɗaya. Ni ce autar gidanmu. Shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifinmu, shi ya aurar da ni Roni, kuma a duk danginmu ni kaɗai ce ke zama in saurare shi har ya gama.

Ɗakin da ke jikin zaure ya ware wa kayansa. Ya sa kafinta ya kafa masa kanta har kusa da rufi, faifai a ƙasa a tsaye, kaset a sama. Matarsa ba ta shiga ko da shara, shi ke yi da kansa. In na zo ganin gida, bayan la'asar sai ya aiko a kira ni, ya shimfiɗa mini buzu, ya jawo rikodarsa mai bakin lasifika biyu.

Ba ya sa kiɗa ya yi shiru. Sai ya faɗi ra'ayinsa, kuma ra'ayinsa ba ya lanƙwasuwa. Kiɗan fada, na taushi da na kotso, ya ce hannun makaɗan babu kamarsa, amma rabin maganar neman riga ce. Kiɗan dambe yana sonsa saboda ba a yi wa kowa ƙarya a ciki, wanda ya faɗi ya faɗi. Amma a wurinsa babu sama da kiɗan noma.

"Auta, saurari gangar nan," in ji shi. "Wannan mutumin ya riƙe fartanya kafin ya riƙe makaɗi. Kin ji inda yake jinkirtawa? Jira yake na ƙarshen kunya ya iso."

Waƙoƙin Indiya na da yana da su jibgi guda. Ya ce na da mutane ne suke zaune da goge-gogensu suna numfashi tare, na yanzu kuwa hayaniyar gidan biki ce. Waƙoƙin Sudan ya ce na mai jinya ne da ya fara samun sauƙi. Akwai wani kaset na Kwango da bai san ko kalma ɗaya a cikinsa ba, amma ya ce duk wanda ya ji jitar nan ƙafarsa ba ta motsa ba, a duba shi. Daga wajen 'yan Nijar masu zuwa kasuwar Babura yake samo kiɗan Buzaye, wanda ya ce tafiyar raƙumi ce, ba ta sauri kuma ba ta tsayawa. Har da wani faifai na wani baƙar fatar Amurka mai busa ƙaho. Wannan ba ya yawan sa shi. Ya ce mutumin ya sha wuya, kuma ba kullum ake son jin wuyar wani ba.

Muna yin musu. Ni ina son kiɗan ƙwarya na mata, shi kuwa ya ce kaset ba ya iya ɗaukarsa, sai kana tsakar gidan. Da waƙoƙin fim suka shigo na ce masa suna da daɗi, sai ya ɓata rai.

"Fiyano ɗaya ce ke yin kalangu, ta yi sarewa, ta yi goge. Kin taɓa ganin mace ɗaya ta haifi gari?"

"To Yaya, me ya sa ka saye su?"

"Don kar a ce ban ji ba na yi magana."

Amma daga baya na ga ya ware guda uku ko huɗu ya sa a layin waɗanda yake so. Da na yi masa dariya ya ce yarinyar da ke waƙar tana da murya, na'urar ce ta cuce ta. Bege kaɗai ne ba ya yi wa hukunci. In ya sa shi sai ya gyara zama, ya yi shiru har ya ƙare.

Abin da ya fi ƙauna ba na saye ba ne. Yakan tafi da rikoda ruga, in ya gama allura ya roƙi makiyayi ya busa masa sarewa. Ya ɗauko kiɗan wani tsoho mai goge a bayan Gwiwa, da mata masu daka suna waƙa a wani ƙauye kusa da Achilafiya, har ana jin kukan zakara da tarin wata tsohuwa. Ya ce waɗannan babu su a ko'ina a duniya sai a ɗakinsa, tsohon mai gogen ma ya rasu bai bar magaji ba.

Bayan ya yi ritaya ne abin ya fara. Sai ka yi masa sallama sau biyu kafin ya amsa. Yana ƙure ƙarar rikoda har matarsa ta yi mita daga cikin gida. Mun ɗauka tsufa ne kawai.

Wata rana na zo daga Roni, ya kira ni kamar kullum, ya sa mini kaset ɗin mai gogen nan. Batir ya yi sanyi. Muryar tsohon ta ja, ta yi kauri kamar kukan sa, gogen yana nishi. Na ɗaga kai in yi magana sai na ga Yaya ya lumshe ido yana kaɗa kai, yana buga yatsa a gwiwa daidai da yadda waƙar take a da. Can kaset ya tsaya cak. Shi bai tsaya ba. Ya ci gaba da kaɗa kai, sannan ya buɗe ido ya ce, "Kin ji wurin nan? Nan ne yake sauke murya."

Ya dubi fuskata, ya dubi rikodar, ya ga ba ta juyawa.

"Tun yaushe ta tsaya?"

Na ɗaga murya na ce yanzun nan.

"Kar ki gaya wa mutanen gidan," in ji shi.

Sun riga sun sani. Babban ɗansa ya kai shi asibiti a Kano, aka ce jijiyar ji ce ta mutu, ba ta da gyara. Aka ba shi na'urar da ake maƙalawa a kunne. Ya gwada ta kwanaki kaɗan ya cire. Ya ce magana tana ɗan shiga, amma kiɗa ji yake kamar ana jan kwano a kan siminti, gara shirun.

Daga nan sai ya mai da ni kunnensa. In na zo ya sa kaset, ya ɗora tafin hannu a bakin lasifika, ya zuba mini ido.

"Ina aka kai?"

"Amshi ake yi, Yaya."

"Mai kalangun ya shigo?"

"Ya shigo."

"Ta yaya ya shigo? Da ƙarfi ko a hankali?"

Ni daɗi kawai na sani, shi ne mai kalmomin. In na ce da daɗi sai ya kawar da kai. Wata rana ya cire hannunsa ya ce in bari, wahalar da ni yake yi a banza. Bai sake kirana ɗakin ba.

Rikodar ma ta lalace, ta fara cin zare. Aka kai wa masu gyara a Kazaure, duk sun koma gyaran waya, ɗaya ya ce kayanta sun daina zuwa. Sai Yaya ya fara neman wanda zai karɓi kayan. Ba sayarwa yake so ba, kyauta, in dai za a kula da su. 'Ya'yansa suka ce duk waƙar da mutum yake so tana cikin waya. Ya ce mai gogen Gwiwa ba ya cikin wayar kowa. Aka aika wa wani gidan rediyo, suka ce a kawo, da aka tambayi inda za a ajiye sai maganar ta mutu. Wani malami daga wata makaranta ya zo ya duba, ya yi ta mamaki, ya ɗauki hotuna, ya ce zai dawo da mota. Yaya ya yi ta sa kujera a ƙofar gida yana duban hanya. Har yau malamin bai dawo ba.

Na ɗauki wasu kaset na kai wa mai tura waƙoƙi a waya a kasuwar Roni. Ya jujjuya kaset ɗin a hannu, ya ce ba shi da abin da zai karanta shi. Na dawo da su a jakata.

Da ƙaramin ɗansa zai yi aure aka rasa ɗakin da za a sa amarya. Aka yi ta kewaye-kewaye, babu mai iya faɗa masa. Shi da kansa ya gane, ya ce a kwashe. Aka zuba komai a kwalaye da buhuna aka kai rumfar kwano ta bayan gida, inda ake ajiye ƙaiƙayi da harawa. Bazara ta zo, zafin kwano ya lanƙwasa faya-fayan kamar gurasa. Damina ta zo, rumfar tana yoyo. Gara ta shiga kwalayen.

Bara da kaka na je gaishe shi. Ya ce in raka shi gonar shinkafar babban ɗansa a fadama, ya gaji da zaman gida. Muka tafi a hankali, yana dogara sanda. Tun daga nesa na ga gonar tana walƙiya. An kakkafa sanduna, an ja wani baƙin zare siriri daga wannan zuwa wancan, iska na kaɗa shi yana ƙyalli. Da muka matso na gane zaren kaset ne. A bakin gona ga ɓawonsu nan a zube, an farfasa.

Ɗan nasa ya taso da sauri ya durƙusa. Ba mugun mutum ba ne, shi ke ciyar da gidan. Ya dube ni ya ce, "Gwaggo, tsuntsaye ne suka dame mu. Na ga sun riga sun jiƙe, kuma babu abin sa su. Ban san zai zo ba."

Yaya bai ji abin da ya ce ba, bai kuma tambaya ba. Ya sunkuya da ƙyar ya tsinci ɓawo ɗaya ya juya shi. Ruwa ya wanke rubutun da ya yi a jiki, ba a gane komai. Ya ɗauki wani, shi ma haka. Ya miƙo mini, na duba, na girgiza kai.

Ya matsa ya kama zaren da yatsu biyu, ya bi shi kaɗan, ya saki. Na jira ya yi faɗa, ina ma ya yi. Sai ya dubi ɗansa ya ce, da ƙarfi irin na wanda ba ya jin muryar kansa, "Suna gudu kuwa, tsuntsayen?"

Ɗan ya gyaɗa kai, idonsa a ƙasa.

"To madalla," in ji Yaya.

Muka juyo gida. A hanya wani mai babur ya yi ta yi mana oda a baya, sai da na ja hannun rigarsa ya kauce. Da muka isa ya zauna a zaure ya ce in shiga ciki in ci abinci, kar in yi yamma a hanyar Roni.