Mama Fensir da Sunan Mai Gyaran Wuta

Ƙarfe bakwai da rabi na safe take isowa, kafin a ta da injinan da ke ƙasa. Takan hau matakala a hankali saboda gwiwa, ta buɗe ɗakin nan na ƙarshen baranda wanda tagarsa ke kallon bayan wani gareji. Ta rataye jakarta a ƙusa, ta goge tebur, ta fere fensir uku da reza. Sannan ta jawo tarin takardun ranar, ta ɗora rula a ƙarƙashin layin farko. In ta gama layi, ta ja rular ƙasa kaɗan. Shekara talatin da ɗaya ke nan tana haka a wannan ƙaramin kamfanin ɗab'i namu, kuma ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki.

Aikinta duba littafi kafin a buga shi. Da aka ɗauke ta aiki, gyaran kurakuran rubutu kawai aka ce ta yi. Ita ta ƙara wa kanta nauyi na biyu, wato bincika ko abin da aka rubuta haka yake. Sunanta bai taɓa hawa bangon littafi ba. Mu dai Mama Fensir muke ce mata, daga Manaja har masu ɗinka littafi.

Ba a kai mata littattafan ƙagaggun labarai. Nata su ne waɗanda suka yi wa mai karatu alkawarin gaskiya: na tafiye-tafiye, na ƙididdiga, na siyasa, da na manyan laifuffuka. Tana son su, so irin na uwar da ta san halin ɗanta sarai. Ba ta taɓa shiga jirgi ba, amma takan ce ta ƙetare teku sau bakwai a kan kujerar nan, kuma duk matafiyin da ya tsaya ya faɗi yadda ruwan wani gari yake a baki, ta ba shi zuciyarta. Abin da ba ta yafewa shi ne a leƙa gari ta tagar mota a yanke wa mutanensa hukunci. Wani likita ya taɓa rubuta cewa mutanen wani ƙauye ragwaye ne, duk a kwance ya same su. Ta koma shafi biyu baya, ta ga da bakinsa ya ce ƙarfe ɗaya na rana motarsa ta lalace a can, ƙarfe huɗu aka gyara ya wuce. Sai ta rubuta masa a gefen takarda: "Likita, awa uku ka yi, kuma cikin tsananin rana. Da sassafe ina suke?" Ya cire jimlar, ya kuma yi wata biyu ba ya gaishe ta.

Littafin ƙididdiga kuwa, sai ta tara kowane jadawali da hannunta. Ta taɓa samun wanda kasonsa ya kai ɗari da goma sha biyu cikin ɗari. Wannan bai dame ta ba kamar wani da ya auna wahalar ruwa a ƙauyuka ta hanyar buga wa mutane waya, ya manta cewa matan da suka fi shan wahalar ba su da wayar. Na siyasa su ke ba ta dariya. Ta duba littattafai huɗu na mutum huɗu da suka zauna a taro ɗaya, kowannensu ya rubuta cewa shi kaɗai ya miƙe ya ce bai yarda ba. Ranar da ta gama na huɗun, ta cire tabarau ta tambaye mu ko kujerun ɗakin ne suka amince. Duk da haka ba ta raina su ba. Ta ce ba don son kai ya sa mutanen nan sun adana wasiƙu da ranaku ba, da tuni ɓeraye sun cinye tarihin.

Maigidanta, tsohon tela ne mai barkwanci, yakan ce ko a gida bai tsira ba. Ya taɓa gaya wa jikokinsu cewa kilomita ashirin yake takawa zuwa makaranta yana yaro. Kafin ya rufe baki ta rage masa zuwa shida.

Amma inda ba ta wasa shi ne littafin laifuffuka. Tana da kwalin takalmi cike da kati. Duk mutumin da aka ambaci sunansa kusa da laifi, sai ta buɗe masa kati, ta rubuta abu uku: yaushe aka kama shi, me kotu ta ce, sannan ina labarinsa ya ƙare. Muddin layi na uku na nan fari, ba ta sa hannu a buga.

Wata huɗu da suka wuce, wani tsohon ɗan jarida ya kawo littafinsa a kan manyan shari'o'i goma sha biyu da ya bi a zamanin aikinsa. Rubutu ne mai kama mutum. Har masu injin ƙasa sukan tsaya suna karanta shafukan gwaji. Mama da kanta ta ce ta daɗe ba ta ga irinsa ba. Babi na tara a kan gobarar wani siton yadi ne, shekara ashirin da bakwai baya, inda mai gadi ya rasu. An kama wani mai gyaran wutar lantarki da aka ji yana cacar baki da mai siton kwana biyu kafin nan, aka yanke masa ɗaurin shekara goma sha biyar. Babin ya kira sunansa, da na mahaifinsa, da unguwarsu, ya ƙare daidai inda ake tura shi cikin motar gidan yari.

Kati arba'in ta buɗe wa littafin. Talatin da tara sun cika. Na mai gyaran wuta ya ƙi.

Ta tambayi ɗan jaridar inda ya samo bayanin, ya kawo mata fayil na labaran da shi kansa ya rubuta a lokacin, ya yanko daga jarida ya adana. Ta duba kwanan watan na ƙarshe. Sannan ta buɗe gabatarwar littafin, inda ya ce a wannan shekarar aka yi masa canjin wurin aiki zuwa wani gari mai nisa. Ta tambaye shi wa ya ci gaba da bin shari'ar bayan ya tafi. Ya ce ai babu abin bi, alƙali ya gama magana.

Saura kwana goma a ƙaddamar da littafin. An kama zauren taro, an raba katin gayyata, an shirya farantan bugawa. Manaja, wanda a haife Mama ta haife shi, ya hawo sama da kansa, ya tsaya bakin ƙofa yana murza hannu.

"Mama, don Allah. Mutum ɗaya ne fa cikin arba'in."

"A wurinka ɗaya ne cikin arba'in. A gidansu shi kaɗai gare su."

Ya ce shi ma yana da ikon sa hannu. Ta ce ƙwarai, kamfani a hannunsa yake, ita kwana uku kawai take roƙo. Ya sauka yana gunaguni cewa Mama za ta sa masa furfura kafin lokaci, amma bai ba da umarnin bugawa ba.

Kwana ukun nan a ɗakin ajiyar takardun kotu ta yi su, a kan benci, gwiwa na ciwo, tana kwance igiyar fayil tana ɗaurewa. A rana ta uku da hantsi ta sami fayil ɗin shari'ar. Mutumin ya ɗaukaka ƙara, kuma bayan shekara biyu aka wanke shi tas. Binciken masana ya nuna tsofaffin wayoyin siton ne suka kama da wuta. Cacar bakin da aka ji ma a kan haka ne: shi ya ce a canja wayoyin, mai sito ya ƙi. Babu jaridar da ta ɗauki labarin sakinsa.

Da ta miƙa wa ɗan jaridar kwafin hukuncin, ya karanta sau biyu, ya ajiye. Daga baya ya ce shi ne ya sa hoton mutumin a shafin farko. Mama ta ce gyaran mai sauƙi ne, a cire babin, ko a ɓoye sunan, littafi ya fita a kan lokaci. Shi kuwa ya ce ba zai iya ba sai ya ga mutumin ido da ido, in yana raye.

Yana raye. Daga adireshin da ke fayil, maƙwabci ya tura su ga maƙwabci, har suka kai wani ɗan shago bayan tashar mota, cike da fankoki da duwatsun guga da suka mutu. Abin da ya faru a can, ɗan jaridar ne ya ba mu labari, don Mama ba ta ba da labarin kanta. Sun tarar da dattijo siriri yana naɗa waya, da 'yarsa, malamar makaranta, wadda ta kawo masa abincin rana. Kallo ɗaya ya yi wa ɗan jaridar ya gane shi. Ya ce masa ya tsufa. Ɗan jaridar ya ce ai shi ma bai koma yaro ba. Aka jawo musu benci.

Mama ce ta yi bayani, a natse, ta ƙare da cewa ya kwantar da hankalinsa, za a cire sunansa, ba wanda zai sake tono masa wannan magana. Ta ɗauka albishir ta kawo. Dattijon ya ajiye wayar da ke hannunsa.

"Malama, da aka kama ni an rubuta. Da aka ɗaure ni an rubuta. Da aka sake ni, daga ni sai matata muka dawo a motar haya." Ya ce har yau akwai masu ce masa mai gobara in ya juya baya, kuma 'yar nan tasa da wannan suna ta yi firamare. Ita 'yar kuwa tana ta buɗe murfin kwano tana rufewa. "Kada ku cire," in ji shi. "Ku bar sunana, har da na ubana. Ku dai ƙara abin da ke cikin takardar nan."

Da suka dawo, Mama ta wuce gida. Sai washegari, tana jera katunanta, ta ce mana ita duk tsawon shekarun nan ta ɗauka aikinta cirewa ne, ashe wani lokacin littafi ne kaɗai wurin da ya rage a rubuta abin da jarida ta manta.

An ɗage ƙaddamarwar da mako uku. Manaja ya sha kiran waya yana ba da haƙuri, ya yi mita har ya gaji, sannan shi da kansa ya tsaya a kan injin ranar da aka buga sababbin shafuka huɗun da aka ƙara wa babin. Masu sharhi sun ce babi na tara ya fi kowane babi. Ba wanda ya ambaci Mama, kuma ba ta jira ba.

Ranar da aka ɗinka kwafin farko, dattijon ya zo da 'yarsa. Aka kashe injina. 'Yar ta buɗe shafin ta karanta a tsaye, a gaban dukanmu, har zuwa inda aka ce kotu ta tabbatar ba shi da hannu, kuma shi ne ma ya yi gargaɗi. Ya ce, "Sake karanta wurin nan." Ta ce, "Baba, ai ka ji." Ya ce ya ji, ta dai sake. Ta sake. Mama na tsaye a saman matakala, hannunta a kan ƙarfen dafawa, ba ta sauko ba.

Mama, ke ce mai karanta abin da kowa ya gaji da karantawa. Ke ce kika zauna a benci kwana uku saboda mutumin da ba ki taɓa gani ba, saura 'yan watanni ki huta, ba mai tuhumarki in kin kau da kai. Uwar masu haƙuri, mai tsare mutuncin wanda ba ya wurin. Mun san ba kya son irin wannan rubutu, mun kuma san za ki sami kuskure a cikinsa. Ki yafe mana wannan karon.

Mun gode, mu da muka koyi aiki a gefenki ba tare da kin taɓa ɗaga mana murya ba. Mun gode a madadin marubutan da kika rufa wa asiri suna jin haushinki, da mutanen da kika tsare wa suna ba su ma san an yi ba. Allah ya ba ki lafiyar gwiwa da ta ido, ya sa ki ji daɗin hutun nan tare da maigida da jikoki.

Ku kuma da ke rubuta littattafai, da ku masu bugawa, da mu masu karantawa mu tura wa wasu a waya, ga abin da za mu ɗauka daga gare ta. Kafin ku ajiye sunan mutum kusa da laifi, ku tashi ku je ku tambaya ko ya fito. Wataƙila yana nan bayan tasha yana gyaran fanka, kuma 'yarsa ta iya karatu.