Anti Halo da Na'urar da Ta Koyi Yin Shiru

Haihuwa da ƙuruciya

An haifi marigayiya, wadda aka fi sani da Anti Halo, a shekarar 1958 a wani gari da ke bakin layin dogo. Mahaifinta mai gyaran agogo ne a rumfar da ke daura da tasha, mahaifiyarta kuwa tela ce. Tana da shekara bakwai ƙyanda ta kama ta, kuma ko da ta tashi daga jinya, Allah ya ƙaddara ganinta ya tafi baki ɗaya.

Karatu da aiki

A shekarar 1967 mahaifinta ya kai ta makarantar makafi, inda ta ƙware a rubutun da ake karantawa da yatsa da kuma bugun tafireta. Bayan ta kammala, a 1978 wani babban asibiti ya ɗauke ta aikin amsa kiran waya da haɗa layi, a wani ɗan ɗaki marar taga da ke ƙarƙashin matakala. A nan ta samo laƙabinta, domin likita da masinja duk da "halo" take tarbar su, kuma kafin mutum ya faɗi ko wane ne ta riga ta gane shi da murya.

Aure da zuri'a

A shekarar 1982 ta auri wani direban motar asibitin, wanda daga baya ya amsa cewa yakan buga waya ba gaira ba dalili don kawai ya ji ta ɗauka. Allah ya albarkace su da 'ya'ya huɗu. Ta yi ritaya a 2013.

Zuwan na'ura

A shekarar 2016 wasu injiniyoyi uku masu ɗan ƙaramin kamfani suka nemi ta gwada musu wata na'ura da girmanta bai wuce sabulun wanka ba. Ana rataya ta a wuya, tana da kyamara a gaba, tana karanta rubutu tana kuma faɗin abin da ke gaban mutum ta abin sawa a kunne. Da farko abin dariya ta zama a gidan, saboda ba ta iya furucin harshe ba: in an rubuta "baƙi" sai ta ce "baki", har maigidan ya riƙa tambaya ko baki nawa za a shimfiɗa wa tabarma. Duk da haka, da ita marigayiya ta fara karanta takardar magani da kanta ba tare da ta kira kowa ba.

Hatsari

A shekarar 2017, tana tsallaka titi a gaban wani kantin magani, na'urar ta shiga karanta mata allon talla a kunnuwa biyu, ba ta ji ƙarar babur ba sai da ya buge ta. Ta samu karaya a ƙugu, ta yi watanni a kwance. Babbar 'yarta ta rantse sai ta farfasa na'urar, injiniyoyin kuma suka yanke shawarar rufe aikin. Da labari ya iso wa Anti Halo, sai ta aika a kira shugabarsu, wadda ta zo ta tsaya a bakin gado ta kasa ɗaga kai.

"Zauna, 'yata," in ji marigayiya. "Kun ba ni ido, kun karɓe mini kunne. Makaho da kunne yake tsallaka titi."

"Anti, mun kusa kashe ki. Gara mu bari."

"In kun bari, wa zai karanta mini magani? Ku dai koya mata yin shiru."

Gyare-gyare

Daga 2018 zuwa 2021 ta yi aiki tare da su a falonta, suna kawo samfuri tana fita da shi tana dawo musu da rahoto. Aka cire abin toshe kunne, aka mai da sautin ta ƙashin da ke gefen kunne domin kunnen ya zauna a buɗe. Aka ƙara abin ɗaurawa a hannu mai girgiza idan akwai rami ko sanda a gaba, aka kuma sa na'urar ta riƙa yin tsit da zarar ta ji motoci kusa. Maɓallanta biyar suka koma biyu manya, ɗaya mai kaushi ɗaya mai santsi. Matsalar batir ce kaɗai ta gagare su, kuma har ƙarshen rayuwarta tana yi musu gorin cewa ya fi ta saurin gajiya. A 2021, da suka rasa mai furuci irin nata, ta amince aka naɗi muryarta aka sa a cikin na'urar.

Rasuwa

Allah ya yi mata rasuwa a shekarar 2023 bayan gajeriyar rashin lafiya, tana da shekara sittin da biyar. An yi mata sallah aka binne ta a maƙabartar da ke bayan unguwarsu, kuma cikin masu ta'aziyya har da makafi da dama da ba su taɓa haɗuwa da ita ba, sai dai muryarta da suke ji a na'urorinsu. Ta bar 'ya'ya huɗu: babbar 'yarta ma'aikaciyar jinya, mai bi mata malamin makaranta, na uku kafinta, sai auta da ke karatun lissafi, tare da jikoki tara. Ta kuma bar mijinta, wanda tsufa ya fara rage masa gani, ya koma amfani da na'urar. Da babbar 'yar ta ce za ta sa a canza masa muryar da ke cikin na'urar don kada abin ya riƙa tayar masa da hankali, sai ya ce, "Bar ta. Wa kike so ya riƙa ce mini in sha magani?"