Alibi Irin na Akuyar Iya

Kakata Iya Ladi ba ta fara tatsuniya sai an sauke tuwo, gaushi na ja a murhu. Mu zagaye ta, tana gasa mana gyaɗa, tana zungurar mai gyangyaɗi da muciya.

Wadda ta fi zauna mini ita ce ta akuya. An yi wa giwa ɓarna a gonar dawa, kura ta ce akuya ce. Akuya ba ta yi rantsuwa ba, juya baya kawai ta yi. Gashinta fal ƙarangiya, irin wadda ba ta fitowa sai a tsallaken rafi.

"Kun ji, 'yan nema?" in ji Iya. "Ba ta ce ba ta son dawa ba. Cewa ta yi ba ta nan."

Bayan kullen korona ina zaune wurin 'yata Hajara a unguwar Al Warsan, can ƙasar Larabawa, likita ya hana ni zaƙi. Ran nan da la'asar kwanon halawa ya ƙare a firij. Ina shigowa Hajara ta tare ni.

"Baba, khalas, ya isa haka. In kai ne, ba sauran fita yawo kai kaɗai."

Ni kuwa yawon nan shi ke riƙe da ni a garin mutane.

Jikata Ummi mai karatun lauya ta ce, "Angona, alibi za ka kawo, ko in sake miji."

Ni da aka sallama daga aji huɗu, na gyara hula na nemi bayani. Ta ce kalmar Latin ce, harshen Rumawan da, ma'anarta "a wani wuri". Kotunan Ingila suka are ta, don wanda zai nuna yana can lokacin da aka yi laifi a nan.

"Ashe akuyarmu ce suka sa wa kwat," na ce.

Na ɗaga gefen rigata. Gishiri ya bushe fari a jiki, feshin ruwa ne daga kwale-kwalen da ya tsallaka da ni unguwar Deira. Al Warsan kuwa ko kududdufi babu. Mijin Hajara, babban injiniya, wanda ya wuni a gida, sai tari ya sarƙe shi.

Washegari na fita da sandata, ba mai rakiya.

Sai da na tsufa na lura giwa ba ta taɓa tambayar abin da ya kai akuya tsallake ba. Ni ma ba a tambaye ni ba. Mai shayina na Deira, wanda hannunsa ke da nauyi wajen sukari, ba ya jin Hausa, balle ya tona mini asiri.