Tayil Goma Sha Huɗu Zuwa Ƙofa

Wai garwashi take zubawa a cikin piyanon. Haka labarin ya zaga dangi: Yaya Ƙwas sai ta gasa haƙoran piyano sun yi jajir kafin ta zauna, shi ya sa yatsunta na taɓa su suke tsalle. Har an ce wata nas ta ɗora butar shayi a kai ta tafasa. Ƙarya ce tsagwaronta, kuma kowa ya san wanda ya ƙera ta: ɗan gwaggonta, mai bakin nan kamar rediyon da makashinsa ya lalace.

Gaskiyar ma ta fi ƙaryar ban mamaki. Shekara ashirin da biyu ta yi tana buga tafireta a ofishin asibiti, wata tsohuwar na'ura mai taurin kai. In yatsa ya daɗe kan harafi kafin a buga na gaba, sai ƙarafunan su sarƙe, mutum ya sa hannu ya ɓamɓare, ya fito da tawada har gwiwar hannu. Nan ta koyi bugawa da ɗagawa, nan kuma ta samo sunanta. Wata rana wani tsohon malamin kiɗa da ke zuwa gashin gwiwa ya jiyo ƙwas-ƙwas ɗinta ta bango, ya dogara sanda har ofishin.

"'Yata, wa ya koya miki hannun nan?"

"Wahala, Malam."

"To ana asararsa a kan takarda."

Ya dinga koya mata a hutun rana, kan wani piyano da ke jingine a ɗakin motsa jiki. Abu ɗaya ya nace a kai: kowane sauti ya fito shi kaɗai, da kansa da ƙafafunsa, a bar ɗan shiru tsakaninsa da ɗan'uwansa. Fedar dama ta ƙasan piyanon kuwa, wadda ke narkar da sautuka cikin juna, kada ta taka sai da dalili.

Da kwamfuta ta kori tafireta, likitar gashin ƙashi ta riƙe ta, tana buga wa marasa lafiya piyano. Akwai masu ciwon karkarwa da ƙafarsu ke kafewa a ƙasa kamar an zuba mata siminti. In suka ji bugu tsaf, ɗaya bayan ɗaya, sai ƙafar ta tuna hanya. Ɗan gwaggonta ya ce ta tayar da mutum dubu. Ita ta ce ba su kai talatin ba, kuma su suka tayar da kansu.

Sai ciwon ya shigo gida, ya kama babanta, tsohon direban bas. Tayil goma sha huɗu ne daga taga zuwa ƙofar ɗakin motsa jikin. Likita ta ce in ya kasa ƙetare su da ƙafarsa kafin ƙarshen wata, a keken guragu za a mai da shi gida.

"Shekara arba'in ina tuƙa mutane," in ji tsohon. "Ba wanda zai tuƙa ni."

Ranar gwaji dangi suka cika bakin taga. Yaya Ƙwas ta dubi babanta, ta ga yadda riga ta yi masa yawa, zuciyarta ta karye. Ba ta san lokacin da ƙafarta ta sauka kan feda ba. Ta shiga yi masa kiɗa mai taushi, sautukan na rungumar juna, mai daɗin da ya sa gwaggo share hawaye. Tsoho kuwa ko motsi. Ya karkata gaba, jiki na rawa, ƙafafu sun ƙi.

"Ke," ya ce, "kiɗa kike yi ko ta'aziyyata?"

Ta cire hannu. Ta tuɓe takalmi, ta naɗe ƙafafunta a ƙarƙashin kujera, nesa da fedar. Sannan ta buga sauti guda, busasshe, ta ɗaga. Shiru. Ta sake bugawa, ta ɗaga.

A cikin shirun nan ƙafar tsohon ta dama ta ɓamɓaru daga ƙasa, ta sauka daidai kan bugu na uku. Ta hagu ta biyo. Ba wanda ya yi tari. Ba a jin komai sai ƙwas, da takun silifa, da ƙwas. A tayil na tara ya yi tangaɗi, likita ta miƙa hannu, ya harare ta. Yaya Ƙwas ba ta ƙara sauri ba, ba ta rage ba, ko da yake hawaye na ɗiga kan haƙoran piyanon. Da ya dafa ƙofa sai ya juyo.

"Wa zai kawar min da keken nan? Ya tare hanya."

Ana cikin murna ɗan gwaggonta ya kutso kai, ya shafa bayan piyanon, ya yarfe hannu kamar ya ƙone.

"Na faɗa muku! Yaya, buhu nawa na gawayi kika sa yau? Da farko ai wutar ce ta mutu, na gani da idona, sai da kika hura, sannan Kawu ya ji zafi ta ƙasa ya ruga, wallahi har ƙura ya tayar, ni na ƙirga taku ɗari uku da…"

Tana saka takalminta, ko kallonsa ba ta yi ba.

"Baba shirun rabin daƙiƙa ya samu ya kai ƙofa. Kai ma gwada shi sau ɗaya, ko ka kai wani wuri a rayuwa."